Jini a Bayan Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zubar Jini ta Dubura

Yawancin masu ganin jini a bayan gida ba wata babbar cuta ke damunsu ba. Basir ne, ko 'yar tsaga a bakin dubura, kuma dukkansu suna jin magani. Inda gizo ke saƙar shi ne, jinin basir da jinin kansar hanji kamanninsu ɗaya a ido, mai shi ba zai iya rarrabe su da kansa ba. Shi ya sa amsoshin nan suke yawan komawa wuri ɗaya: a duba tukuna, sannan a yi magani.

Na ga jini bayan na yi bahaya. Me zan fara yi?

Ka kwantar da hankalinka, ka duba da kyau kafin ka kora ruwa. Jinin ja ne jawur, ko ya yi duhu? A jikin tishu kawai ka gan shi, ko ya ɗiga a masai bayan ka gama, ko kuwa ya cakuɗe da bayan gidan? Akwai majina ko guda-guda? Ka ji zafi lokacin fitarsa? Tambayoyin da likita zai fara yi maka ke nan, kuma amsarsu ita ce rabin bincike. Ka sani kuma cewa ɗigo kaɗan ya isa ya rine ruwan masai duka, don haka abin da ido ya gani yakan fi abin da ya zuba yawa.

Idan jinin kaɗan ne kuma jikinka garau yake, ba sai ka ruga asibiti cikin dare ba. Amma ka nemi ganin likita a 'yan kwanakin nan, musamman idan wannan ne karo na farko. Kafin nan, ka dakata da shan ibuprofen da diclofenac da danginsu; idan ciwo ya dame ka, paracetamol ya fi dacewa.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Idan jinin yana ta zuba bai tsaya ba, ko yana fitowa guda-guda masu yawa. Idan ka miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ka, ko ka suma, ko zuciya tana bugawa da sauri, ko gumi mai sanyi ya karyo maka. Idan bayan gidan baƙi ne ƙirin mai yauƙi da mugun wari, ko kana aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi. Idan akwai matsanancin ciwon ciki ko zazzaɓi mai zafi. A irin wannan hali asibiti za a nufa nan take. Mara lafiyar kada ya tuƙa mota da kansa, a kwantar da shi a ɗan ɗaga ƙafafunsa, kuma kada a ba shi abinci, don wataƙila a buƙaci leƙa cikinsa da na'ura ko a yi masa tiyata. Mai ciwon hanta da mai shan maganin tsinka jini su ma kada su jira, ko da jinin bai yi yawa ba.

Launin jinin yana nuna daga ina ya fito?

Yana ba da haske, amma ba ya yanke hukunci. Jini ja jawur galibi daga kusa yake, wato dubura ko ƙarshen hanji. Mai duhu, wanda ya gauraya da bayan gida, yakan fito daga can cikin babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kusan mita 1.5. Baƙi kuwa jini ne da ya zuba daga tumbi ko farkon ƙaramin hanji, ya yi doguwar tafiya har ya narke. Sai dai gyambon ciki idan ya ɓalle da ƙarfi, jinin kan wuce da sauri ya fito ja, kuma wannan ya fi kowanne haɗari.

Ai basir ne kawai, ko ba haka ba?

Mai yiwuwa ne, domin shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo jan jini ta dubura. Kowane ɗan Adam yana da wasu 'yan kumburarrun nama masu cike da jijiyoyin jini a cikin dubura, aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofar sosai. Idan yawan yunƙuri, ko daɗewa a masai, ko taurin bayan gida, ko juna biyu ya sa suka kumbura suka zazzago, shi ne basir. Na ciki ba ya ciwo, jini kawai yake yi, ja mai haske, yana ɗiga bayan an gama. Na waje shi ne mai ƙaiƙayi, kuma idan jini ya daskare a cikinsa sai ya zama ƙullutu mai azabar zafi har zama ya gagara.

To amma ga abin lura. Basir ya yi yawa a cikin mutane har ta kai samunsa a jikinka ba ya nufin shi ne ke zubar da jinin. Mutum zai iya zama da basir na gaske, sannan can sama kaɗan akwai wani tsiro da ke zubar da jini a hankali. An sha ganin wanda ya shekara yana shafa man basir, yana canza wannan yana gwada wancan, sai da ya rame aka duba aka tarar da kansa wadda da an gano ta da wuri da an cire ta cikin sauƙi. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a duk wannan batu. Basir suna ne da ake ba ciwo bayan an duba an tabbatar, ba kafin nan ba.

Idan an tabbatar basir ne, me zan yi a gida?

Maganin farko shi ne bayan gida ya yi laushi ya fita ba tare da yunƙuri ba. Babban mutum yana buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na harza a rana, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ake samu a ganyayyaki, 'ya'yan itace, wake da hatsin da ba a cire dusarsa ba. A ƙara shi sannu a hankali, don idan aka tula shi lokaci guda ciki zai kumbura da iska. A riƙa shan ruwa sosai, domin harza ba ruwa ƙara taurin take yi. Idan abinci bai wadatar ba, akwai garin ispaghula da ake damawa a ruwa, da lactulose, da macrogol.

Sai halin zama a masai. Idan bahaya ya matsa, a je, kada a riƙe. Idan an je, a yi abin da ya kawo mutum a tashi. Wanda ke shiga da waya a hannu ya share kwata yana latse-latse, duburarsa a buɗe take duk tsawon lokacin nan, jini yana taruwa a jijiyoyin. Minti 5 ya isa. Mai amfani da masai na zama zai ji sauƙi idan ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera, gwiwoyi su ɗara ƙugu tsayi. A yi tsarki da ruwa a tsane a hankali, ban da gurzawa. Zama a cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, yana rage zogi. Ruwan ɗumi aka ce, ba mai ƙona fata ba, kuma ba sai an zuba komai a ciki ba.

A guji tramadol da codeine. Suna kashe ciwo, amma suna ƙulle ciki, sai a koma gidan jiya.

Man shafawa da maganin matsi fa?

Suna rage ƙaiƙayi da kumburi na ɗan lokaci, iyakarsu ke nan. Masu ɗauke da hydrocortisone ba a wuce kwana 7 ana amfani da su, don suna sa fatar wurin ta yi siriri.

Wane aiki ake yi wa basir idan ya ƙi jin magani?

Ya danganta da matakin da ya kai. Likitoci sun kasa na ciki gida huɗu: na farko yana jini amma ba ya leƙowa, na biyu yana leƙowa lokacin bahaya ya koma da kansa, na uku sai an tura shi da yatsa, na huɗu ko an tura ba ya komawa.

Na farko da na biyu, da wasu na mataki na uku, ana ɗaure su da roba. Likita zai saka wani ɗan gajeren bututu, ya zuƙo basir ɗin, ya harba ƙaramar roba a gindinsa, a sama da inda fata ke jin zafi. Cikin 'yan mintuna an gama, ba a sa mutum barci, ya tashi ya koma gida. Kwana ɗaya ko biyu zai riƙa jin kamar bahaya ya matsa masa. Cikin kusan mako guda naman zai bushe ya faɗi tare da robar, sau da yawa ba tare da ya lura ba. Akwai kuma allurar da ke busar da jijiyar, da ƙonawa da zafin haske.

Manya kuwa tiyata ake yi musu. Salon yankewa da likitoci Milligan da Morgan suka bayyana a 1937 a asibitin St Mark's da ke Landan har yau ana amfani da shi, kuma shi ne wanda basir bai cika dawowa bayansa ba. Gaskiyar magana yana da zafi, makonni biyun farko ba su da daɗi. Sababbin hanyoyi, irin su ɗaure jijiyar da ke kai masa jini, ko ɗage shi sama a ɗinke da na'ura, sun fi sauƙin jinya, amma ya fi saurin dawowa bayansu. Ƙullutun waje mai daskararren jini ana iya cire shi idan an zo cikin awa 72. Bayan haka zafin ya fara sauka, sai a bar jiki ya shanye shi.

Ina jin zafi kamar ana yanka ni lokacin bahaya, da ɗan jini a tishu. Mene ne wannan?

Wannan ya fi kama da tsagewar dubura. Busasshen bayan gida ne ya yaga fatar bakin, zafin kuma yakan ci gaba har awa ɗaya ko fiye bayan an fito. Abin da ke hana ta warkewa shi ne, zafin yana sa tsokar wurin ta ɗaure tam, ɗaurewar ta hana jini isa ga raunin, mai ita kuma ya riƙa gudun masai saboda tsoro, bayan gida ya ƙara tauri, ya sake yaga wurin. Sabuwar tsaga takan warke cikin 'yan makonni idan ciki ya yi laushi. Wadda ta wuce mako 6 ana ba ta man nitroglycerin ko na diltiazem a shafa na mako 6 zuwa 8, don su saki tsokar. Na farkon yana yawan jawo ciwon kai, kada hakan ya ba ka tsoro. Idan ta ƙi, akwai allurar Botox, ko 'yar tiyatar da ake ɗan tsaga tsokar ta saki.

Zawo ne da jini da majina. Shi ma haka za a yi?

A'a, wannan atini ne, kuma galibi ƙwayoyin cuta ne daga gurɓataccen ruwa ko abinci. Shigella da amiba su ne aka fi sani, kuma maganinsu daban-daban ne: metronidazole yana kashe amiba, amma ba ya yi wa Shigella komai. Shi ya sa gwajin bayan gida yake da amfani. A riƙa shan ruwan gishiri da sukari don mayar da ruwan jiki. Kada a sha loperamide, maganin tsayar da zawo, matuƙar akwai jini ko zazzaɓi. Tsare dattin a ciki yake yi. Wanda ke shiga ruwan tafki ko rafi mai dodon koɗi zai iya ɗaukar tsagiyar hanji, ita kuma praziquantel ne maganinta. Taifot ɗin da aka bari ba magani shi ma yana iya sa hanji zubar da jini, yawanci a mako na uku.

Idan zawon jini ya yi makonni yana tafiya yana dawowa, an sha maganin ƙwayoyin cuta bai ji ba, sai a fara tunanin kumburin hanji mai daɗewa, wato cutar Crohn ko gyambon babban hanji. Waɗannan ba sa warkewa gaba ɗaya da ƙwaya, amma ana kwantar da su da magunguna irin su mesalazine, mutum ya ci gaba da harkokinsa.

Bayan gidana ya koma baƙi. Jini ne?

Idan kana shan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko maganin ciki mai bismuth, su ma suna baƙanta shi, amma ba ya yauƙi kuma ba ya wannan warin. Baƙi mai sheƙi kamar kwalta, mai manne wa masai, jini ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Babban mai jawo shi gyambon ciki ne, shi kuma tushensa biyu: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda gano alaƙarta da gyambon ya sa aka ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su aspirin da ibuprofen. Ana zura na'ura ta baki a gano wurin, a tsayar da jinin nan take da ƙonawa ko matse jijiyar, sannan a ba da omeprazole ko makamancinsa, tare da maganin kashe ƙwayar idan an same ta.

Waɗanne alamu ne ke sa a yi zargin kansa?

Jini da ya gauraya da bayan gida. Canjin yanayin bahaya da ya wuce mako 3, ko zawo ko tauri ko suna karɓa-karɓa. Jin kamar ba a gama ba alhali an gama. Rama ba dalili, kasala, ƙarancin jini, ƙullutu a ciki. Shekaru ma suna da nasu: jini a bayan gidan wanda ya haura 40 ba a ɗaukarsa da wasa, duk da cewa a 'yan shekarun nan ana ƙara samun cutar a tsakanin matasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kansar hanji a matsayin ta uku a yawa cikin cututtukan kansa a duniya, ta biyu a kisa, da sababbin masu ita sama da miliyan 1.9 a shekarar 2020. Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne, yawancinta daga ɗan ƙaramin tsiro take farawa, wanda kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe. Idan aka cire tsiron, an tare ta. Wannan ne ya sa a Amurka aka sauko da shekarun fara gwajin masu lafiya daga 50 zuwa 45 a 2021. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, ana so ya fara tun yana 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa.

Ina jin kunya. Me likita zai yi mini?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a kwantar da kai a gefen hagu, ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a rufe ka da mayafi ban da wurin da za a duba. Likita zai fara kallon waje, sannan ya sa safar hannu, ya shafa mai santsi, ya zura yatsa ɗaya ya lalubo bangon. Ba ya kai minti ɗaya. Idan ka riƙa jan numfashi ta baki a hankali, tsokar za ta saki. Daga nan wataƙila ya saka ɗan bututu mai fitila ya ga basir na ciki, wanda yatsa ba ya iya ji sosai. Kana da damar neman likita mace ko namiji, ko a sa wani ma'aikacin ya tsaya a ɗakin. Idan tsaga ce mai zafi, ka faɗa tun farko, ba za a matsa maka ba.

Za a iya ɗibar jini a auna yawansa, a kuma karɓi bayan gida a gwada.

Kolonoskofi fa, da wahala?

Bututu ne siriri mai lanƙwasa da kyamara a bakinsa, ana bi da shi cikin babban hanji har ƙarshe. Yakan ɗauki rabin awa zuwa minti 45, kuma ana ba da allurar da ke kwantar da mutum. Masu yi sun fi kukan daren shiri, lokacin da ake shan maganin wanke ciki ana zarya masai har abin da ke fita ya koma ruwa. Kada a yi ha'inci a nan, hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro. Alfanunsa shi ne, duk tsiron da aka gani ana tsinke shi a lokacin, a tura ɗakin gwaji.

Ina shan aspirin ko warfarin saboda zuciya. In daina?

Kada ka daina da kanka, ka tuntuɓi likitanka a ranar. Dainawa kan iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya.  Sau da yawa wani ciwo ne da ke wurin maganin ya tona, don haka bincike na nan daram.

Ina da juna biyu, ina ganin jini. Zai taɓa jaririn?

Basir da tsaga sun zama ruwan dare a watannin ƙarshe da bayan haihuwa, saboda nauyin mahaifa, da ƙwayar ƙarin jini mai taurara ciki, da yunƙurin naƙuda. Ba sa taɓa jariri, kuma yawanci suna lafawa bayan an sauka. Abu ɗaya ne muhimmi: ki tabbatar ta dubura jinin yake, ba ta gaba ba. Idan kina shakka, ki je asibiti a ranar. Lactulose da ispaghula ba su da illa ga mai ciki. Sauran magunguna sai kin tambaya.

Yaro fa?

A wurin yara tsaga ce ta fi yawa, sai atini. Amma jariri ko yaro ɗan ƙasa da shekara 3 da ke tsala ihu lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru ya sake, yana amai, sannan ya yi kashi mai jini da majina kamar yauƙi, mai yiwuwa hanjinsa ne ya shige cikin juna. Wannan ba ya kwana a gida. Idan an zo da wuri, sau da yawa ana warware shi da iska ko ruwa ta dubura ba tare da yanka ba.

Jinin ya tsaya da kansa. Sai na je asibiti?

Eh. Yawancin jinin hanji yana tsayawa da kansa, har da na tsiro da na kansa, waɗanda ke zuba yau su ɗauke na makonni. Tsayawarsa ba ta faɗi komai game da sababinsa ba.

Ɗan jinin nan zai iya ƙarar da jinin jikina?

Idan ya daɗe, ƙwarai. Ma'aunin jini na gwajin haemoglobin ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. Za ka ga mutum yana haki idan ya hau bene, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Ana shan ƙwayar ƙarin jini har ma'aunin ya daidaita, sannan a ci gaba kamar wata 3 don jiki ya tara na ajiya. Ƙarin jini ta jijiya galibi sai ma'aunin ya sauka wajen 7, ko jinin na zuba da ƙarfi. Namiji, ko macen da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin sinadarin ƙarfe, ba a tsayawa kan ƙwaya kawai, sai an binciko ta inda jinin ke tsiyaya.

Magungunan basir da ake talla, masu cewa suna cire shi daga tushe, fa?

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da yawansu maganin wanke ciki ne mai ƙarfi. Mutum ya yi ta zawo ya ɗauka cutar ce ke fita, alhali ruwan jikinsa ne. Waɗanda ake matsawa ko shafawa don su "cinye" tsiron suna ƙona fata, wurin ya warke da tabo, ƙofar ta tsuke, a wayi gari ana neman tiyatar da ta fi ta basir wuya. Babu abin sha da ke mayar da basir mai mataki na huɗu ciki.

Bayan an ɗaure ko an yanke, me zan sa ido a kai?

Ɗan jini a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Akwai kuma wanda kan zo daga baya, tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, lokacin da ɓawon raunin ke faɗuwa. Idan ya yi yawa ko yana fita da guda-guda, a koma asibiti. Zazzaɓi, zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa, da kasa yin fitsari, musamman idan sun haɗu, alamar ƙwayoyin cuta sun shiga wurin ne, kuma ba a jira gari ya waye. A fara shan maganin laushin ciki tun ranar aikin, kada a riƙe bahayan farko saboda tsoro, a kuma dakata da ɗaga kaya masu nauyi na mako biyu ko yadda likita ya ce. Wanda aka cire wa tsiro ya tabbatar ya karɓi sakamakon gwajin naman, domin shi ne zai nuna bayan shekara nawa za a sake leƙa hanjin.